Adis Ababa, Garin Da Ke Amsa Suna Biyu

A watan Satumba na 2024 Allah ya buɗe mana hanya, mu malamai shida daga makarantun ikkilisiya, muka tafi ƙasar Habasha taron masu koya wa yara Littafi Mai Tsarki. Kwana tara muka yi. Labarin taron kansa mun riga mun ba dattawan da suka aike mu. Abin da muka kawo muku a wannan wata shi ne labarin sunan babban birnin ƙasar, gama da sunan nan muka fara yin tuntuɓe tun ba mu ajiye kaya ba.

Ga yadda abin ya faru. Jirgi ya sauke mu a filin Bole da dare, ana yayyafi, ga sanyi. Mutum biyu suka zo taryenmu, wani dattijon fasto mai furfura, da wani saurayi malamin makaranta kamarmu. Dattijon ya kama hannun kowannenmu ya ce, "Barkanku da zuwa Adis Ababa." Saurayin kuwa, yana cikin loda akwatunanmu a mota, sai ya ce gobe da safe zai zaga da mu mu ga Finfinne. Ɗaya daga cikinmu, wanda ba ya son tafiya ba guzuri, ya tambaye shi mil nawa ne daga nan zuwa Finfinne ɗin, ko sai mu riƙe abinci? Saurayin ya yi dariya ya ce, "Malam, ai a cikinta kake tsaye." Mu ma muka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya gyara mayafinsa ya shiga gaban mota, aka yi tafiya mai ɗan nisa ba wanda ya ce uffan. An ce baƙo ko da idonsa makaho ne, amma ko makaho ya san sa'ad da ya taka wani abu.

Bari mu fara da sunan da kowane yaron firamare ya sani. Da harshen Amhara, wanda shi ne harshen aikin gwamnatin tarayyar ƙasar, "addis" shi ne sabo, "ababa" kuwa fure. Watau Sabon Fure ke nan. Mutanen garin "abeba" suke faɗa, kusa da yadda muka ji a bakinsu. Garin kuma ba tsoho ba ne. Kano da Katsina sun girme shi da ɗaruruwan shekaru, gama a 1886 aka raɗa masa wannan suna, kuma mace ce ta raɗa.

Kashegari suka hau da mu dutsen Entoto, wanda ke arewa da garin, domin a can labarin ya soma. Adis Ababa kanta tana ƙafa 7,700 bisa teku, watau kusan biyun tsayin Jos, Entoto kuwa ya wuce ƙafa 10,000. Mu da muke taƙama mun saba da sanyin Filato, ranar nan bakinmu ya mutu. In ka yi taku ashirin sai ka tsaya kana haki kamar wanda ya yi tsere. A kan wannan dutse Menelik ya kafa sansaninsa sa'ad da yake sarkin ƙasar Shawa, tun bai zama sarkin sarakunan Habasha ba. Mun ga majami'ar Maryamu inda aka naɗa shi a 1889, mun kuma ga gidansa, ɗakunan jinka ne marasa girma, waɗanda wani hakimin ma a wajenmu zai rena. Ga mayaƙi wurin ya yi, don ba mai taso maka ba ka hango shi ba. Amma ga mai girki da mai wanki azaba ne: ga iska, ga ƙanƙara da damina, ruwa sai an ɗauko daga ƙasa, itace kuma kullum ƙara nisa yake yi.

A gindin dutsen, wajen kudu, akwai wata maɓuɓɓuga mai fid da ruwan zafi. Wanda ya taɓa wanka a Wikki ta Yankari ya san irin abin, sai dai wannan ta fi zafi nesa. Masu jin harshen Amhara suna ce da ita Filwoha, watau tafasasshen ruwa. Matar Menelik, sarauniya Taitu, takan sauka can da mutanenta su kafa alfarwa su yi wanka. Da ta ga wurin ya fi mata daɗi, ta roƙi mijinta fili ta gina gida. Fadawa suka ga uwargida ta sauka, su ma suka bi, kowa da bayinsa da sojojinsa, kowa ya kama tudu guda ya kafa unguwa. Kafin a farga gari ya tashi. Ana ba da labari cewa Taitu ta ga wani fure a wurin wanda ba ta taɓa ganin irinsa ba, shi ya sa ta kira garin haka. Ko ta ga furen ko ba ta gani ba, mu dai a ganinmu sunan ya dace da zuciyar mutanen da mulkinsu ke tohowa a lokacin. Shekara goma bayan haka, ran 1 ga Maris 1896, suka karya rundunar Italiya a Adwa, Taitu ma tana filin daga da nata mayaƙan. Daga nan ƙasashen Turai suka shiga aiko jakadu, sunan Sabon Fure ya shiga taswirar duniya.

Saura kaɗan furen ya bushe tun bai gama buɗewa ba. Abin da ya kusa kashe shi kuwa ba yaƙi ba ne, itacen girki ne. Sarakunan Shawa sun saba, in itacen wuri ya ƙare sai a tashi a koma gaba. Mutane suka yi yawa, aka sare dajin da ke kewaye ƙaf. Wajen 1900 Menelik ya soma gina wani gari mil 35 yamma, ya sa masa suna Addis Alem, watau Sabuwar Duniya, da nufin ya ƙaura. Jakadu da 'yan kasuwa da suka riga suka gina gidajen dutse ba su so ba. Abin da ya raba gardama shi ne wani itace da aka kawo irinsa daga Ostareliya, wanda ke girma da sauri, in an sare shi kuma ya sake tohowa. Itacen turare ne, irin wanda aka dasa a tsofaffin ramukan kuza na Filato. Habashawa suna ce da shi "bahir zaf", itacen ƙetaren teku. Ya rufe tuddan garin har Turawan zamanin suka yi wa Adis Ababa laƙabi da birnin turare. Sarki ya fasa ƙaura, fadar da ya gina a Addis Alem ta zama majami'a. Da jirgin ƙasa ya iso daga Jibuti a 1917, zancen tashi ya mutu ke nan. A hanyarmu ta saukowa daga Entoto mun wuce mata suna gangarowa da ƙungurmin damin wannan itace a baya, damin ya fi tsawon mutum biyu, sun ranƙwafa kamar za su karye. Motarmu ta yi shiru. Wata malama da ke tare da mu ta ce daga yau ta daina yi wa 'yarta faɗa a kan gawayi.

To, ina Finfinne ta fito? Wannan shi ne sunan wurin da harshen Oromo, su ne kuwa kabilar da ta fi kowace yawa a Habasha. Sunan na maɓuɓɓugar nan ce dai da Taitu ta yi wanka a ciki, daga yadda ruwan ke tsartuwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa. Suna ce da ita Hora Finfinne, "hora" kuwa ruwa ne mai gishiri-gishiri wanda makiyaya ke kai shanu su sha, kamar yadda Fulani ke ba nasu kanwa. Sa'ad da sarauniya ta sauko, ba daji ta tarar ba kowa ba. Akwai manoma da makiyaya na zuriyar Tulama, suna da gonaki da kaburburan kakanni. Har wa yau wasu manyan unguwannin garin, irin su Gullele da Yeka, sunayen dangogin nan suke amsawa. Akwai kuma shaidar baƙi: tun 1868 wasu fada-fada na Katolika suka kafa tashar mishan a wurin, da sunan Finfinne kuma suka rubuta shi cikin wasiƙunsu, shekara goma sha takwas kafin a ji Adis Ababa. Furen dai sabo ne ga wadda ta zo ta gan shi.

Saurayin nan ɗan Oromo ne. Wata rana da yamma, muna shan gahawa, ya gaya mana kakansa yana da gona a bayan gari, inda yanzu dogayen gidaje ke tsaye. Aka zo aka auna, aka ba shi kuɗin da bai kai na amfanin 'yan shekaru ba, tsohon da ke ciyad da gida ashirin ya ƙare yana gadin ƙofar wani gini a kan gonarsa. Ya ce, "Malam, in na ce Finfinne ba zagin kowa nake yi ba. Kakana nake tunawa." Ba shi kaɗai ba ne. A 2014 gwamnati ta fito da wani tsari na faɗaɗa garin zuwa cikin ƙasar Oromo da ke kewaye da shi. Ɗalibai da manoma suka tashi, abin ya sake ɓarkewa a Nuwamba 2015, aka kashe ɗaruruwan mutane, sai a Janairu 2016 aka janye tsarin. Tsarin mulkin ƙasar na 1995 ya ce Adis Ababa babban birnin tarayya ce mai mulkin kanta, amma ya kuma yarda jihar Oromiya tana da hakki na musamman a cikinta, tun da a tsakiyarta garin yake. A garin kuma gwamnatin jihar take zaune. Saboda haka kana tafiya a titi ɗaya za ka ga allo da rubutun Habashawa mai kama da ƙugiyoyi an sa Adis Ababa, gaba kaɗan ka ga wani da baƙaƙen boko irin namu an sa Finfinnee.

Ba mu so mu dawo da rabin magana ba, sai muka nemi dattijon shi ma. Bai yi fushi ba. Ya ce a unguwar Arada aka haife shi, uwarsa daga arewa, ubansa daga kudu, matarsa kuma 'yar Oromo ce, in aka ce garin na kabila ɗaya ne, shi ina za shi? Ya ce tun kafin Oromo su bazu zuwa tuddan nan a ƙarni na 16, sarakunan Kirista sun zauna a yankin, akwai wani tsohon birni da ake kira Barara wanda har wani Bature ya sa cikin taswirarsa wajen 1450, wasu masana kuwa suna ganin a kusa da nan yake. Ya ce mu hau tudun Yeka mu ga kangon wata majami'a da aka sassaƙa cikin dutse, Washa Mika'el. Menelik da kansa, in ji shi, ya ɗauka gidan kakanninsa ya komo. Ya ƙare da cewa, "'Ya'yana, in za a bi wa ya riga wa, sai an kai ga Adamu."

Mu baƙin kwana tara ba mu isa mu yanke wannan shari'a ba. Amma abin da muka lura shi ne, tsohon birni da kangon majami'a ba za su mayar wa kowa gonarsa ba, haka kuma sunan maɓuɓɓuga ba zai kori wanda aka binne cibiyarsa a Arada ba. Maganar kuwa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Sa'ad da aka zaɓi sabon babban birnin Nijeriya a 1976, sunan Abuja na wani gari ne dabam, aka karɓa aka ba sabon, tsohon ya koma Suleja, Gbagyi da yawa kuma aka tashe su daga gonakinsu. Akwai ɗan Gbagyi a cikinmu, shi ne ya fi kowa daɗewa yana hira da saurayin nan.

Abin da ya ba mu mamaki, mutanen nan biyu a ikkilisiya ɗaya suke, saurayin ma "Gashe" yake ce wa dattijon, kalmar girmamawa ce kamar a ce baba. Ran Lahadi an yi sujada da harshen Amhara, aka kuma yi da na Oromo. A can muka ji labarin Onesimos Nesib. Yaro ne ɗan Oromo da aka sace aka sayar bawa, aka yi ta cinikinsa har ya kai Massawa a bakin Bahar Maliya, inda aka 'yanta shi aka ba 'yan mishan na Suwidin. Da aka yi masa baftisma ya ɗauki sunan bawan nan da Bulus ya rubuta wa Filimon wasiƙa a kansa. Shi ne, tare da taimakon wata 'yantacciyar baiwa, Aster Ganno, ya juya dukan Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Oromo, aka buga a 1899. Namu na Hausa sai a 1932 ya fito cikakke. Duk da haka, a zamanin Haile Selassie an hana koyarwa da harshen Oromo a makarantu. Da muka ji wannan muka ƙara gane dalilin da ya sa kalma ɗaya take da nauyi haka a bakin saurayin.

Ban da waɗannan biyu, garin yana da sunayen wasa. Yawancin mutane "Addis" kawai suke cewa. Akwai Sheger, sunan ƙauna wanda mawaƙa ke so, har wani gidan rediyo ma da shi ake kiransa. Samari kuma sukan ce Adu Genet, "genet" ɗin nan kuwa danginsa ɗaya da kalmarmu ta aljanna. Wanda ya sha hayaƙin motocin garin da yamma zai ce an yi ƙari.

Sunayen unguwanni kuwa tarihi ne a rubuce. Italiyawa sun shiga garin ran 5 ga Mayu 1936, Haile Selassie ya komo ran 5 ga Mayu 1941, amma shekara biyar ɗin nan ta bar Piyasa da Kazancis da Merkato. Merkato ita ce babbar kasuwa. Asalinta, Italiyawa ne suka kori 'yan ƙasa daga tsohuwar kasuwar Arada zuwa yamma don kada su cuɗanya da farare. Mun shiga, mun ɓace sau biyu, mun fito da gahawa da barkono. Piyasa kuwa mun tarar an rushe yawancin tsofaffin gidajenta a 2024 ana faɗaɗa hanyoyi, amma yaran mota suna nan suna kiran sunanta. A dandalin Sidist Kilo, watau kilomita shida, akwai dogon ginshiƙi na tunawa da dubban mutanen da Italiyawa suka karkashe cikin kwana uku daga 19 ga Fabrairu 1937, bayan an jefa wa gwamnansu Garaziyani bam.

Laƙabin da ya fi fita duniya shi ne babban birnin Afirka. A nan shugabannin ƙasashe 32 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ran 25 ga Mayu 1963, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani na Nijar a cikinsu. A 2002 ƙungiyar ta zama Tarayyar Afirka, hedkwatarta kuma tana nan. Dogon ginin da Sin ta gina mata, wanda aka buɗe a 2012, yana tsaye ne a filin wani tsohon kurkuku da ake kira Alem Bekagn, watau na sallami duniya. A can sojojin da suka tuɓe Haile Selassie suka harbe manyan ƙasar su sittin a Nuwamba 1974.

Mu kuwa Kiristan ƙasar Hausa muna da tamu hanyar da sunan garin nan ya shiga gidajenmu. Daga 1963 gidan rediyon Muryar Bishara ya riƙa watsa shiri daga Adis Ababa. A Jos ake ɗaukar wa'azi da waƙoƙin Hausa a faifai, a aika can, sa'an nan muryar ta komo mana ta iska. Mu ba mu riski zamanin ba, amma iyayenmu sun ba mu labarin yadda akan taru a ƙofar gidan mai rediyo da almuru, a yi ta juya akwatin ana neman tashar. Ran 12 ga Maris 1977 gwamnatin soja ta ƙwace gidan ta mai da shi na juyin juya hali. Gwamnatin nan ce kuma ta kashe Fasto Gudina Tumsa, babban sakataren ikkilisiyar Mekane Yesus, a Yuli 1979. Ta kuma sāke wa babban dandalin garin suna daga Meskel, watau Gicciye, zuwa Abiyot, watau Juyin Juya Hali. Da ta faɗi a 1991, tsohon sunan ya komo.

A wannan dandali muka yi yammacinmu na ƙarshe, ran 26 ga Satumba, jajiberen idin Gicciye na Ikkilisiyar Orthodox. An tara itace kamar rumbu, firistoci da laimomi masu ado suna kewayawa, jama'a cikin fararen mayafai iyakar ganin ido, da duhu ya yi aka cinna wuta. Bisa ga lissafinsu kwana goma sha shida ke nan da shiga shekarar 2017. A wannan lokaci ne, da ɗaukewar damina, wani ɗan fure rawaya ke rufe tuddai, suna ce da shi "adey abeba", da shi aka yi wa tarin itacen ado. Masu masaukinmu biyu ba 'yan wannan ɗarika ba ne, amma dukansu sun raka mu, saurayin yana riƙe da hannun dattijon saboda turereniya. Wata yarinya ta miƙa mana furen, muka sa a tsakiyar Littafi Mai Tsarki ya bushe.

Da muka komo makaranta muka nuna wa 'yan aji shida furen, muka ba su labarin nan duka. Taswirar da ke jikin bangon ajin suna ɗaya ta sani, sai muka ɗauki fensir muka rubuta Finfinne a ƙarƙashinsa. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an tambaye mu a jarrabawa, wanne za mu rubuta?" Muka ce ya rubuta Adis Ababa, gama shi ne ke cikin takardar mai duba jarrabawa.